Yadda za ka mai da godiya abin yi kullum, da abubuwan da ke tare mana hanya

In dai faɗin godiya ne da baki, ban jin akwai wanda ya fi mu. Ka tambayi mutum ya aiki ya ce da godiya, ya iyali ya ce Alhamdulillahi, ya kasuwa ya ce mun gode Allah, ko da kuwa tun safe bai yi cinikin sisi ba. Tarbiyya ce mai kyau kuma ba na fatan mu rasa ta. Amma kai ma ka sani, mutumin nan da ya gama cewa mun gode Allah, ba za a yi minti biyar ba ya shiga lissafin abin da ya rasa, ga tsadar masara ga kuɗin makaranta ga wane ya sai mota shi ko mashin ɗinsa ma sai an tura, haka zai wuni har ya kwanta zuciyarsa a cunkushe. Baki ya yi godiya, zuciya ba ta ma san an yi ba.

Abin da nake so mu gyara kenan. Kuma abin da na fahimta shi ne godiya ba ta kama zuciya sai ka ambaci takamaiman abin da kake gode wa, ka kai ta wurin wanda ya yi maka, sannan ka yi aiki da abin da aka ba ka. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan ukun suke tafiya.

Mataki na farko, ka ba ta lokaci

Duk abin da ka bar shi sai ka tuna, to ba za ka yi ba. Don haka kar ka ƙirƙiro wani sabon lokaci, ka jingina ta da abin da dama kana yi. Mu Musulmi an sauƙaƙa mana, salla biyar tana nan. Annabi (SAW) ya kama hannun Mu'azu ɗan Jabal ya ce masa yana ƙaunarsa, sannan ya yi masa wasiyya kar ya bar faɗin "Allahumma a'inni ala zikrika wa shukrika wa husni ibadatika" bayan kowace salla, wato ya Allah ka taimake ni a kan ambatonka da gode maka da kyautata bautarka. Ka lura fa, taimako ake nema a kan godiya, kaga kenan ba abu ne da yake zuwa da kansa ba.

Zaɓi salla ɗaya tukuna, ni ina ganin Isha'i ta fi dacewa saboda yini ya riga ya ƙare kana da abin dubawa. In ka sallame ka yi tasbihinka, kar ka zabura ka jawo waya, ƙara minti biyu a zaune. Wanda aikinsa na dare ne ya ɗauki Asuba. Uwar da yara ba sa barinta ta zauna a kan sallaya ta ɗauki lokacin da ta gama kwantar da su. 'Yan'uwa Kirista su haɗa da addu'ar dare, ai labarin kutare goma da aka warkar ɗaya kaɗai ya dawo godiya yana nan a Luka sura ta 17.

Mataki na biyu, ka kama sunan abin

Nan ne aikin yake. A cikin minti biyun nan ba "na gode Allah da lafiya da iyali" za ka ce ba, wannan gaskiya ne amma ka faɗe shi sau dubu har ya daina taɓa ka. Nemo abu uku da suka faru yau ɗin nan, ƙanana ma sun fi, ka faɗi abin, ka faɗi ta hannun wa ya zo. Misali: zazzaɓin yarinyar nan ya sauka da la'asar har ta nemi tuwo. Mai adaidaita sahu ya kira ni ya miƙo min ledar da na manta. An kawo wuta daidai lokacin da cajin wayata ya kusa ƙarewa kuma ina jiran kiran aiki. Kaga bambancin? Na farkon jimla ce da kowa zai iya faɗa, waɗannan kuwa naka ne kai kaɗai, kuma sai ka sake bin yinin da tunani kafin ka samo su, wannan bin yinin shi ne ainihin abin da muke nema.

In da hali ka rubuta. Ƙaramin littafi na ɗari biyu ya isa, ko cikin wayarka, da boko ko da ajami duk ɗaya. Wanda rubutu ke ba shi wahala ya buɗe WhatsApp ya tura wa kansa saƙon murya, ko kawai ku mai da shi hirar gida, ana cin abincin dare kowa ya faɗi abu ɗaya mai daɗi da ya same shi yau.

Me ya sa rubutu? Saboda zuciyar ɗan Adam kamar mai shago ce da yake da littafin bashi amma ba shi da na ciniki, duk wanda ya ci masa ɗari biyar yana nan a rubuce har da kwanan wata, amma mutum hamsin ɗin da suka saya suka biya babu inda aka sa su, in ya buɗe littafin da dare sai ya ga kamar duniya duk macuta ne. Kai ma zagi ɗaya za ka riƙe shekara, sannu da aiki goma kuwa kafin Magariba ka manta. Rubutun shi ne buɗe littafi na biyun.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka sun raba ɗalibai gida uku, wasu suna rubuta abu biyar da suke godiya a kai duk mako, wasu abu biyar da suka ɓata musu rai, wasu kuma duk abin da ya faru kawai. Bayan kimanin mako goma masu rubuta godiyar sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi kyakkyawan zato ga makon da ke tafe, kuma ƙorafin ciwon jiki ya fi ƙaranci a wurinsu. A 2005 kuma Martin Seligman da abokan aikinsa suka sa mutane rubuta abu uku masu kyau kowane dare na mako ɗaya tare da dalilin faruwarsu, aka ci gaba da ganin tasirin har wata shida, musamman ga waɗanda suka ɗore da yi. Ban kawo wannan don sai Bature ya faɗa za mu yarda ba, Suratu Ibrahim aya ta 7 ta riga ta ce in kun gode zan ƙara muku. Na kawo ne saboda ya nuna yadda ake yi: abu takamaimai, da dalilinsa, a rubuce.

Abu ɗaya kuma, in ka ga rubutun kullum ya fara zama kamar cike fom, ka rage. Akwai binciken da ya nuna masu yi sau ɗaya a mako sun fi masu yi sau uku amfana, saboda yawan maimaitawa yana kashe ɗanɗanon abin. Daren Juma'a kawai ma ya isa, in dai da gaske za ka zauna ka yi.

Abin da zai fara tare ka: sabo

Ranar da ka samu aikin nan har kuka ka yi. Ranar da aka haɗa muku famfo a gida yara har rawa suka yi. Yau fa? Aikin ya zama "wannan wahalallen aikin", famfon kuma sai ranar da ruwa bai zo ba ake tuna akwai shi. Ba mugun hali ba ne, haka aka gina mu, duk abin da ya daɗe a hannu sai ido ya daina ganinsa. Shi ya sa hadisin Ibn Abbas ya ce ni'imomi biyu mutane da yawa suna tafka asara a kansu, lafiya da samun sarari.

Maganinsa shi ne ka cire abin a zuciyarka na ɗan lokaci. Ɗauki abu ɗaya cikin waɗanda ka saba da su ka tambayi kanka, da babu shi ya yinin yau zai kasance? Kar ka amsa a gurguje, bi shi dalla-dalla. Da babu famfon wa zai tashi da Asuba neman mai garuwa, nawa za a kashe, wace yarinya ce za ta makara makaranta. Mu 'yan Najeriya ma ba sai mun yi dogon tunani ba, ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, kana da kuɗi a banki amma dubu biyu ta gagare ka, mutane suna kwana a layin ATM, masu POS suna cirar kaso mai tsoka, tiransifa ta maƙale mai kayan miya ya ƙi ba ka kaya. A lokacin ba abin da muke roƙo sai mu ga takardar kuɗi a hannu. Yau ka zaro dubu ɗaya ka miƙa wa mai shayi, ka taɓa tsayawa ka ji daɗin hakan? Azumi ma darasin da yake koya mana kenan, kofin ruwan da kake sha ba tare da tunani ba wata goma sha ɗaya, sai ga shi ya zama abin da ka fi so a duniya da ƙarfe shida na yamma.

In ka rasa ta inda za ka fara, ga ma'auni daga hadisi: wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ka duba ukun nan kowace safiya. Kuma kar mu ɗauke su da wasa, akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sokoto da na farkon ya zama abin nema, akwai mutanen Maiduguri da suka kwanta a gidajensu a Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle suka wayi gari a sansani.

Mataki na uku, ka kai ta wurin mutane

Wannan ya fi kowanne wuya kuma ya fi kowanne amfani, don haka zan ɗan daɗe a kai. Hadisi ne sananne, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ka koma littafinka ka duba wurin da ka rubuta ta hannun wa abin ya zo, duk mako ka zaɓi mutum ɗaya ka gaya masa.

Iyayenmu sun fi mu iya wannan. In an yi biki ko suna, bayan kwana biyu uwar biki za ta ɗauki mayafinta ta bi gida-gida bangajiya. In an aiko yaro da kwanon abinci ba a mai da kwano haka nan, kuma ɗan aike yana da tukwici, yaba kyauta tukwici aka ce. In an yi maka alheri yau ka yi godiya, gobe in kun haɗu ka sake cewa an gode da abin arziki na jiya, wani ma har ya turo yayansa ko mahaifinsa ya taya shi godiya. Yanzu kuwa alat ya shigo, mutum ya tura hoton hannu biyu a haɗe, shikenan an gama. Ba na cewa saƙon waya laifi ne, amma wanda ya cire dubu ashirin daga albashinsa a wannan zamanin ya tura maka ya cancanci ya ji muryarka.

Ga yadda za ka tsara maganar, sassa uku ne. Ka faɗi abin da ya yi, ka faɗi abin da ya gyara maka, ka rufe da addu'a. "Yaya, kuɗin nan da ka turo ranar Talata da su na biya jarrabawar yaron nan, saura kwana ɗaya a rufe, wallahi ka cire ni daga kunya. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa." Sashe na biyun shi ne wanda muke tsallakewa kuma shi ne yake shiga zuciyar mai bayarwa, don kowa yana so ya san alherinsa ya isa inda aka nufa. Kar ka raina addu'ar kuma, an ruwaito cewa wanda aka yi wa alheri ya ce jazakallahu khairan ya kai matuƙa wajen yabo, kuma in ba ka da abin ramawa ka yi ta yi masa addu'a har ka ji ka rama.

Toh amma wa ya fi wuyar yi wa godiya? Na cikin gida. Baƙo ya ba ka hanya a titi ka ɗaga masa hannu, matar da ta tashi tun Asuba ta hura gawayi ta dama koko ta shirya yara huɗu kuwa ko sannu, in an yi magana ka ce ai aikinta ne. Ke ma haka, mutum ya wuni a rana ya shigo da ledar cefane, abin da za ki fara gani shi ne babu nama. Malamai suna yawan kawo hadisin da ya gargaɗi mata kan butulce wa miji, gaskiya ne, amma wanda ya faɗi wannan shi ne ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa, kowa dai ya ɗauki nasa. Abu ya zama wajibin mutum ba ya hana a gode masa in ya sauke shi, tunda akwai dubbai da ba sa saukewa.

Na san abin da ke hana mu, kunya ce da kuma tsoron raini. Namiji yana ganin in ya ce na gode girmansa zai zube, ɗa yana jin nauyin zama gaban mahaifinsa ya faɗi irin wannan magana. Fara da ƙarami wanda harshenka zai iya ɗauka. "Sannu da aiki, miyar nan ta yi daɗi." "Maigida sannu da ƙoƙari, na san kasuwa ba daɗi." Ranar farko za a kalle ka da mamaki, wataƙila ma a tambaye ka lafiya, ka daure ka ci gaba. Iyaye kuwa ba sai ka yi dogon jawabi ba, je ka durƙusa ka gaishe su, ka tuno musu abu ɗaya: "Umma, na tuna lokacin da kika sai da akuyarki kika biya min kuɗin makaranta, Allah ya saka miki da Aljanna." Za ta ce haba ai ba komai ta kau da kai, amma ta ji. Suratu Luƙman aya ta 14 ta haɗa gode wa Allah da gode wa iyaye a wuri ɗaya. Wanda nasa suka rasu ya yi musu addu'a da sadaka, ya kuma ziyarci ƙannensu da aminansu.

Kar ka manta da waɗanda ake biya, 'yar aiki, almajirin da ke muku wanke-wanke, maigadi, malamin Islamiyyar yara da ake ba shi abin da bai kai kuɗin data ɗinka na wata ba. Su ne aka fi mantawa saboda muna ganin kuɗi ya wanke mu.

Sannan ka ware mutum ɗaya da ya canza maka rayuwa kuma ba ka taɓa gaya masa ba, malamin firamare, maƙwabciyar da ta riƙe ku lokacin da mahaifiyarku take asibiti, ubangidan da ya koya maka ɗinki ko gyaran waya. Ka taka ka je, zumunci a ƙafa yake. A cikin binciken Seligman ɗin nan irin wannan ziyarar ce ta fi kowane gwaji ɗaga farin cikin mutane nan take, duk da cewa tasirin ya dusashe bayan wata ɗaya. Shawarata a nan, ranar da ka je godiya kar ka haɗa da wata buƙata. Da yawa in sun ga mutum ya fara yabo sai su gyara zama suna jiran roƙon da zai biyo baya, saboda maula da bambaɗanci sun ɓata mana abin. Ka yi godiyarka, ka sha ruwa, ka tashi.

Akwai kuma wanda ba ya iya godiya saboda an taɓa yi masa gori, aka yi masa alheri aka bi gari da shi, tun daga nan yake ganin in ya gode ya zama bawa. Na fahimci wannan ciwon. Gori laifin mai yin sa ne, Suratul Baƙara aya ta 264 ta ce yana ɓata sadaka. Kai ka yi taka godiyar sau ɗaya da kyau, ka rama in ka samu hali, amma ba dole ka miƙa masa akalar rayuwarka ba. In kuma kai ne mai bayarwa, ka bari mutane su gode maka da kansu, kar ka bi su kana tuni.

Waya da hangen na sama

Ka gama lissafa ni'imominka zuciya ta yi sanyi, sai ka buɗe sitatus, wance an kai ta Dubai, wane ya tare a sabon gida, ga lefe akwati goma sha biyu a TikTok, nan take ɗakinka ya ƙara ƙanƙancewa. Da can mutum da maƙwabtansa yake gwada kansa, yanzu da duk masu kuɗin duniya, kuma abin da suka zaɓa su nuna kawai yake gani, ba ya ganin bashin ko rigimar da ke bayan hoton. Hadisin da ke cikin Muslim ya ce ku dubi na ƙasa da ku kar ku dubi na sama da ku, hakan ya fi dacewa da kar ku raina ni'imar Allah a kanku.

A aikace, ka lura da mutum uku ko huɗu da duk sanda ka kalli abinsu sai ranka ya ɓaci, ka rufe sitatus ɗinsu, ba gaba ba ce, kare zuciya ne. Kar waya ta zama abin farko da safe ko na ƙarshe da dare. In kuma kyashin ya riga ya taso, yi wa mutumin addu'a da sunansa, Allah ya ƙara masa ya sa albarka, da wuya harshe ya yi ta yi wa mutum addu'a zuciya ta ci gaba da ƙinsa. Duban na ƙasa kuma ba wai ka leƙa wahalar wani ka ji daɗi ka wuce ba, je dubiya asibiti da ɗan abin da ka samu, za ka fito da godiya shi ma ya samu wani abu.

Kukan babu

Akwai wata ɗabi'a da muke yi saboda tsoron baki da tsoron 'yan bani-bani, mutum yana cikin rufin asiri amma kullum sai ya ce wallahi babu, abubuwa sun tsaya. Dalilin a fili yake, kuma ɓoye wasu abubuwa hikima ce, Annabi Yaƙubu ma ya hana Yusuf ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Matsalar ita ce kunnenka yana jin abin da bakinka ke faɗa, in ka shekara kana cewa babu sai kai ma ka yarda babu. Ba sai ka yi tallan abin da kake da shi ba, amma kar ka yi ƙaryar rashi. "Alhamdulillahi muna cikin rufin asiri, amma wannan karon ba zan iya ba" ta wadatar. Ka kuma samu mutum ɗaya ko biyu da ka amince da su waɗanda za ka iya gaya wa alherin da ya same ka, ƙarshen Suratud Duha umarni ne a ba da labarin ni'ima.

Mataki na huɗu, ka yi aiki da ita

Malamai sun ce godiya tana da zuciya da harshe da gaɓoɓi. An ce wa iyalan Annabi Dawuda ku yi aiki don godiya, kuma Annabi (SAW) yana tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura, da Nana A'isha ta tambaye shi ya ce ba zan zama bawa mai godiya ba? Don haka duk mako ka ɗauki ni'ima ɗaya daga littafinka ka fitar mata da wani abu daga jinsinta. Kana da mota, rage wa wani hanya. Kuna da rijiyar burtsatse ko sola, bar maƙwabta su ɗebi ruwa su sa caji. Kin iya lissafi, zauna da 'yar maƙwabciya mai shirin jarrabawa. An yi girki ya yi saura, ciyayya tana nan ba a soke ta ba. Lafiya ma haka, ka je a auna maka hawan jini, ka sha maganinka a kan lokaci, kula da abin da aka ba ka yana cikin godiyarsa.

Inda ake amfani da godiya a danne mutane

Wannan sai na faɗe shi don yana sa wasu, musamman matasa, su tsani kalmar gaba ɗaya. Ma'aikaci ya yi wata uku ba albashi ya yi magana, a ce masa ka gode Allah ma kana da aikin. Mace ana dukanta ta kai ƙara gida, a ce ki gode Allah kina da miji wasu nema suke. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya a 2024 ta taɓa 1,000, talaka ya ce ya ji jiki a ce masa butulu. Wannan ba daidai ba ne. Gode wa Allah daban, neman hakkinka a wurin mutum daban, kuma suna tafiya tare lafiya lau. Addinin da ya ce ka gode shi ne ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ka yi godiya da lafiyar da ka samu ta zuwa ofis, sannan ka rubuta takardar neman albashinka. Kuma dan Allah mu daina jefa wa mai kuka "ka gode Allah" tun bai gama magana ba, saurare shi tukuna.

Haka wanda aka yi wa rasuwa ko yake cikin ciwo. Hawaye ba butulci ba ne, Annabi (SAW) ya yi kuka da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana zubar da hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A irin wannan lokacin kar ka tilasta wa kanka abu uku, ɗaya ya isa, ko da wanda ya zo ya zauna kusa da kai ne bai ce komai ba. In kuma ka ga an yi makonni ba barci, ba cin abinci, ba ka jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa, wannan ya wuce batun littafi, binciken da aka yi daga baya ma ya nuna tasirin rubuta godiya a kan ciwon damuwa kaɗan ne. Ciwo ne kuma yana da magani, ka gaya wa wani naka ku je asibiti, akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, ga na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen.

In ka yi sati biyu ka watsar

Zai faru, kusan kowa yana yi. Kar ka ce sai ka rama kwanakin da suka wuce, buɗe sabon shafi ka sa kwanan watan yau ka rubuta abu ɗaya. Kafin ka rubuta ka koma baya ka karanta shafi biyu ko uku na watannin da suka wuce, za ka tarar da abubuwan da ka manta sun faru, har da matsalolin da a lokacin suka hana ka barci yanzu kuma an wuce wurin. In kai kaɗai abin yana sulluɓe maka, nemi aboki ko 'yar'uwa ku yi alkawari duk daren Juma'a kowa ya tura wa ɗayan abu ɗaya, wanda ya yi shiru a taɓo shi. Masu yara kuma ku sa su a ciki, maimakon tsawar "ba za ka ce an gode ba?" a gaban baƙo, in kawunsu ya yi musu ɗinkin Salla ku ba su waya su kira shi da bakinsu su faɗi kalar da suka fi so, in za ki bangajiya kuma ki tafi da babbar cikinsu ta riƙe miki jaka.